Tsaya, Malam

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin Daura ya san abin da wannan yake nufi a wajen iyayenmu mata na da. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama ta yi hira da ni, ba ta sakin dariya in ina wurin, in kuma dole ta kama ta yi maganata sai ta ce “'yar Inna”, domin kakata ta wajen uwa ce ta ɗauke ni tun daga yaye, ta riƙe ni har ta kai ni ɗakin miji. Ni ma bakina bai iya ce mata Umma irin na ƙannena ba. Yaya nake ce mata, yadda na buɗi ido na ji ƙannenta suna kiran ta a gidan Inna.

Gidan Inna yana can wajen Kusugu, gidan mahaifina kuwa a kan hanyar makarantarmu ta firamare yake, don haka kullum safiya sai na bi ta ƙofarsa. Tun daga kan kwana nake jin ƙarar tsintsiya a cikin zaure. Na san Yaya ce, don duk layin an san zauren gidanmu da tsabta, har surukarta takan yi alfahari da shi. Amma da zarar na matso, sai tsintsiyar ta tsaya cak. Ba a leƙo ba, ba a ce mini ci kanki ba. Sai na wuce na yi nisa sannan in ji ta ci gaba. A tunanina na yarinya, ɓuya take yi don kada mu haɗu, kuma wannan abu ya ci mini rai fiye da duk wani dukan da na sha a makaranta. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don wa za ka kai wa ƙarar uwa a kan kunya? Dariya za a yi maka, a ce ai haka ake yi.

Na girma, na yi aure, na haifi nawa, na zama malamar kimiyya a wata sakandare da ke kan hanyar Mai'adua. A hanyar nan ce na koyi jin fodkas, wato shirye-shiryen nan na magana da ake saukewa a waya, mutum ya ji lokacin da ya ga dama. Mu uku muke tafiya a tsohuwar motar malamin lissafi: shi, da malamar Hausa, da ni. Malamin lissafi mayen siyasa ne. In masu muhawara suka kaure a cikin sifika, shi ma sai ya kaure da su, yana dukan sitiyari, har sai mun tuna masa cewa muna da 'ya'ya a gida. Malamar Hausa ta al'ada ce, shirin da za a wuni ana bayanin yadda ake rinin turkuɗi shi ne nata. Ni kuwa, Allah ya jarrabe ni da labaran laifi, na kisa da ɓata da damfara, irin waɗanda ake bi kashi-kashi ana jin ta bakin shaidu. Muka yi doka: tafiya ta mai mota ce, dawowa kuma mu mata mu riƙa karɓa-karɓa. Kowa na kushe na ɗan uwansa, kowa kuma na tura wa ɗan uwansa a waya yana cewa, “Don Allah ki ji wannan ɗaya kawai.” Malamin lissafi yakan ce in na ci gaba a haka, wata rana maigidana zai yi tari in kira 'yan sanda.

A dogon hutun wata damina aka yi wa Yaya aikin yanar ido. Likita ya kafa sharuɗɗa: ba hayaƙi, ba ƙura, ba sunkuyo, ga maganin ɗigawa da ba a so a tsallake lokacinsa. Dole wani ya zauna da ita. Autarmu, wadda ita ce abokiyar hirarta, wadda take kwanciya a cinyarta har bayan ta yi aure, tana Mashi tana jego. Ƙannena maza suna Kano, nasu bugo waya ne da tambayar ko akwai abin da ake buƙata. Mahaifinmu ya riga mu gidan gaskiya. Saura ni. Na nemi izinin maigidana, na haɗa kaya na tare a gidan da aka haife ni amma tun da aka yaye ni ban taɓa kwana mako guda a jere a cikinsa ba.

Kwanakin farko sun yi mini nauyi. Ɗaki ɗaya, mata biyu, ba mai iya kallon wata. Tana zaune a kan katifa da baƙin tabarau, carbi a hannu, ni ina bakin ƙofa. In na kawo abinci sai ta ce wa bango, “Allah ya yi albarka.” In tana son ruwa sai ta ce, “Da za a samu ruwa.” Lokacin magani ya fi komai wuya, don sai na cire mata tabarau, na riƙe haɓarta, na buɗe idon da yatsana. Ina da furfura a kaina, amma a jinyar nan ce na fara taɓa fuskar uwata.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Ga ni da 'ya'ya har sun kai aure, amma ina zaune ina jiran kalma ɗaya kamar 'yar firamaren nan mai wucewa ta ƙofar zaure. Abin da nake so in sani bai taka kara ya karya ba: shin matar nan tana jin wani abu game da ni, ko kuwa kunyar ta daɗe har ta cinye abin da take rufewa? Ga shi kuma na ga yadda ta tsufa, na ga yadda hannunta yake lalube kafin ya sami kofi. Tsoro ya kama ni kada ta tafi ta bar ni da wannan tambaya, don in ta tafi babu wanda zai amsa mini.

Da shirun ya ishe ni, sai na koma ga wayata. In na gama aiki sai in toshe kunne da iyafis in shiga wani labari da nake bi, na wani ɗan kasuwar hatsi da ya fita cin kasuwar ƙauye bai dawo ba, aka tsinci babur ɗinsa a jingine a gindin wata bishiya, a kulle tsaf. Ashe ina ji ina salati a fili ban sani ba. Wata rana bayan azahar sai na ji Yaya ta yi gyaran murya ta ce wa iska, “Mutum ya toshe kunne ya zauna shi kaɗai yana ta innalillahi, sai ka ce mai iskokai. Ko me ake ji, oho.”

Na zare iyafis, na mayar da labarin farko, na ajiye wayar a kan tabarma tsakanina da ita.

Mai gabatar da shirin yana da murya mai sanyi, irin ta wanda ba ya gaggawa. Ya kawo matar ɗan kasuwar tana ba da labarin safiyar da mijin ya fita, har da launin hularsa da abin da ya karya da shi. Sai Yaya ta ɗaga hannu ta ce, “Tsaya, malam.”

Na yi zaton magana ce kawai irin ta masu jin rediyo. Sai ta sake ɗaga hannun, ta ce, “Malam, na ce ka tsaya.” Na kai yatsa na danna. Ɗakin ya yi tsit.

“Au,” in ji ta, “yana tsayawa?”

Duk rayuwarta rediyo ta sani, wanda ko kana mutuwa ba zai jira ka ba. Ta gyara zama, ta fuskanci wayar sosai kamar baƙo ne ya zauna a kan tabarmar. “To malam, matar nan ka bi ta a hankali. Wadda mijinta ya ɓata hankalinta ba ya tsayawa kan launin hula. Wannan ta shirya maganarta tun daga gida. Ci gaba.” Na danna, malam ya ci gaba.

Kafin la'asar ta tsayar da shi ya fi a ƙirga. Ni dai aikina dannawa. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ina wurin ba, kuma ashe tana da baki, ashe tana da ban dariya. Da aka kawo ƙanin ɗan kasuwar yana ta rantse-rantse, sai wani abu ya ɗebe ni, na danna da kaina, na dubi wayar na ce, “Malam, ni fa ƙanin nan nake zargi. Rantsuwar ta yi yawa.”

Yaya ta ce, “Malam, ka ji masu boko. Wanda aka ɓatar wa ɗan uwa in bai rantse ba waƙa zai yi? Matar dai.”

“Malam, matar da me za ta kai babur har bayan gari?”

“Malam, ba a aike?”

Haka muka fara hira, ni da uwata, ta bakin wani bawan Allah da bai san muna duniya ba. Muddin aka ce “malam” a farkon magana, ba ita ta yi mini magana ba, ba ni na mayar mata ba, kunya tana nan a inda aka ajiye ta, ba wanda ya taka ta. Da labarin ya zo ƙarshe, sai ga shi ba matar ba ce, ba kuma ƙanin ba ne, abokin cinikinsa ne da dukanmu muka yi ta yabon hankalinsa. Na yi dariya har da hawaye. Yaya ko gezau. Ta ce, “Malam, ni ai ban ce ita ta yi ba. Cewa na yi fuskarta ba ta gaskiya ba ce.” Fuskar da ko ni mai ido biyu ban gani ba.

Da abokan aikina suka zo dubiya na ba su labari a zaure. Malamin lissafi ya ga dama ta samu, nan take ya cika mini waya da shirye-shiryensa na siyasa, yana cewa a ba Hajiya abin da zai amfane ta, a bar tsorata tsohuwa da gawawwaki. Na saka mata ɗaya don in fita hakkinsa, ina jiran ta ce a kashe. Ina! Wani ɗan siyasa na cikin jero alkawura ta tsayar da shi ta ce, “Malam, wannan bakinsa kamar an shafa masa man shanu. Irinsu ne ke zuwa da atamfa da sabulu, in sun hau sai ka nemi ko ƙurar motarsu ka rasa.” A wannan zama na ji abin da ko ƙannena ba su sani ba. Ta ce tun mahaifinmu na da rai, in ya tara matan gida ya faɗi inda za a dangwala, takan ce to, amma in ta shiga bayan labulen nan abin da ranta ya ba ta take yi. Na riƙe baki. Matar da na ɗauka ko ruwa ba ta sha sai an ce ta sha, ashe shekara da shekaru tana kayar wa maigidanta ƙuri'a.

Daga nan gidan ya canza. Matan layi da suke zuwa dubiya su yi sannu su tashi, sai suka koma zama. Yaya ta zama mai raba wa kowa abin da ya dace da shi. Ta ce wa wannan, “Ke na mai hatsin nan za ki fara ji, amma in kin san kina da tsoro ki nemi abokin zama.” Ta ce wa waccan, “Ke da hawan jini, ba ruwanki da na siyasa. In ma za ki ji, ki bari sai kin ci abinci, don yana kashe cin tuwo.” Sannan ta rufe da, “Ku ba 'yar Inna wayoyin ta zuba muku.” Ni da na zo jinya sai ga ni na koma mai turi, wayoyi jere a gabana, wasu fuskarsu a fashe, wasu an ɗaure su da kyauro. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Yadda take cewa “'yar Inna” a gaban mutane ma ya canza, ko kuwa kunnena ne ya canza, ban sani ba.

Wanda ya fi kwanta mata shi ne shirin al'ada na malamar Hausa. Shi ma namiji ne ke gabatarwa, shi ma malam ne a wajenta, don duk wanda ya yi magana a cikin wayar nan malam ne. A nan take baje kolinta. In ya yi bayanin wankan jego ta gyara masa, in ya yi na wasan taubasai ta ƙara masa, in ya faɗi abin da ba ta sani ba ta ce wannan na mutanen wani gari ne, ba namu ba.

Akwai kashi ɗaya a shirin nan da na riga na ji tun kafin hutu, a mota, muna dawowa daga makaranta. Kan kunyar ɗan fari ne. Ranar na juya fuskata ga taga tun daga inda aka fara har muka shigo gari, ina kallon gonaki ba na ganin su. Na san yana cikin wayata, na kuma san ba zan iya zama ɗaki ɗaya da Yaya a ji shi ba. Don haka da muka zo kansa sai na tsallake, na saka na gabansa, wanda ake maganar saƙar tabarma. Na manta cewa a ƙarshen kowane kashi malam yakan faɗi abin da zai kawo a na gaba, na kuma manta cewa wadda idonta ke rufe kunnenta ba ya barin komai ya wuce.

Bayan la'asar ne, ana ruwa tun azahar, ba wadda ta iya shigowa. Daga ni sai ita. Malam ya fara bayanin kaba da yadda ake jiƙa ta. Ta bar shi ya ɗan yi nisa, sannan ta ɗaga hannu.

“Tsaya, malam. Jiya ba cewa ka yi kan kunyar ɗan fari za ka yi magana ba? Saɓa alkawari ka koya wurin 'yan siyasa, ko kuwa tsallake ka aka yi?”

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, “Malam, wancan ba shi da daɗi ne.”

“Malam, a bar mai kunne ya ji da kansa.”

Na nemo shi na saka. Aka fara da wani dattijo da ya yi bayanin cewa abin tarbiyya ne da kawaici, don kada a ce yarinya ta yi rashin ta ido a gaban surukai. Yaya tana gyaɗa kai. Sai aka kawo wata mata, daga muryarta ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce ita 'yar fari ce, ta tashi ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba, tana ganin ana wasa da ƙannenta ita ana kau da kai. Ta ce kullum tana cewa wata rana za ta tambaya, har mahaifiyar ta rasu ba ta tambaya ba. Ta ce har yau ba ta sani ba ko an so ta. Daga nan muryarta ta karye.

Ban jira an ce in tsayar ba, don na ga hannun ya fara ɗagawa. Amma wannan karon ba da malam ta yi ba.

“Ke yarinya,” in ji Yaya, tana fuskantar wayar, “Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Saurara in gaya miki, tunda ita ba ta samu ta gaya miki ba. Ni na san wata mata.”

Ta ja carbinta ta ajiye a cinya.

“Ranar da aka zo ɗaukar 'yarta yaye, gida cike da mata, kowa ya zuba mata ido a ga ko za ta nuna. Tana tankaɗe. Aka saɓa yarinyar a baya tana kuka tana miƙo hannu, matar nan ba ta ɗaga kai ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Aka ce kai, wance akwai kunya. Garin nan dai ba a tuƙa shi ba ranar, don ya jiƙe.”

Ruwa yana ta zuba a kan kwano. Ni dai na ƙura wa tabarma ido.

“Da yarinyar ta isa makaranta, sai Allah ya sa hanyarta ta ƙofar gidan ce. Matar nan ba ta fita, ba ta da ikon leƙe. Sai ta ɗauki sharar zaure ta mayar tata, ba wanda ya sa ta. In ta ji yara sun fara wucewa sai ta ɗauki tsintsiya. A cikin yaran nan duka ta san takun nata. In ta matso sai ta tsayar da shara, don ƙarar tsintsiya ba ta barin a ji. Daga takun take gane ko ta karya kumallo, ko an yi mata faɗa, ko takalmin ya matse ta. In ta ji tana jan ƙafa, ranar ba ta da sukuni sai ta san dalilin da za ta aika gidan tsohuwa a dubo. Yarinyar ba ta sani ba. Ta yaya za ta sani?”

Na zaci ta gama. Sai ta ce, “Kin ce ba ta taɓa kiran sunanki ba. A gabanki ne ba ta kira ba. Kin taɓa kasa kunne tana sujada? Matar nan da nake gaya miki, da sunan take farawa kafin na sauran, har yau ɗin nan.”

Sannan ta juya ga mai shirin, muryarta ta dawo irin ta kullum. “Kai kuma malam, in ka tambaye ni, abin ya yi yawa. An koya mana, mun yi, ba mu san ana ciwo haka ba. 'Yan yanzu da suke rungume nasu a gaban kowa, da ina yi musu tsaki. Na daina.”

Na so in tashi in faɗa jikinta irin na auta, amma na san in na yi haka zan rushe mata abin da ta lallaɓa ta gina don ta iya faɗin abin da ta faɗa. Da ƙyar na samu na dubi wayar na ce, “Malam, in ka ga matar nan, ka ce mata 'yar ta ji. Ka ce mata ta gode.”

“Zai faɗa mata,” in ji Yaya.

Lokacin magani ya yi. Na wanke hannu, na durƙusa a gabanta, na cire tabarau, na riƙe haɓarta yadda na saba. Idon da aka yi wa aiki da wanda ba a yi wa ba duk suna zubar da ruwa. Ta ce, “Maganin nan yaji gare shi.” Ko murfin kwalbar ban buɗe ba. Na ce, “Eh, Yaya, haka yake.” Na sa gefen mayafina na share mata, na share nawa, sannan na ɗiga.

Idon ya warke, alhamdu lillahi, har tana zura zare a allura tana yi wa matan layi gori. Hutu ya ƙare na koma gidana. Har gobe ba ta kira sunana ba, kuma na daina jira. Da auta ta gama jego ta zo, ta tarar da mu muna gardama ta bakin malam a kan wani ɗan damfara, ta tsaya a bakin ƙofa da jariri a kafaɗa tana kallon mu kamar ta yi ɓatan gida.

Na gode wa malamar Hausa, na gaya mata dalili, muka yi kuka tare a ofishin malamai. Malamin lissafi ban gaya masa komai ba, don zai ce shirinsa na siyasa ne ya yi aikin, amma ina yi masa addu'a shi da tsohuwar motarsa. Mutanen nan masu magana a cikin waya kuwa, ban san fuskar ko ɗaya ba, ba su kuma san abin da suka yi mana a wani ɗaki a Daura ba. Matar nan da ta rasa mahaifiyarta ta fi tsaya mini a rai. Ina roƙon Allah ya kai mata amsar da aka ba ta, don tata ce, ni a gefe na tsinta.

Abu ɗaya na canza. Na ce wa malamin lissafi ya daina zuwa ƙofar gidana, ya riƙa ɗauka ta a bakin layin su Yaya. Ya yi ta mita, wai na ƙara wa kaina tafiya ba gaira ba dalili, na ce likita ne ya ce in riƙa motsa ƙafa. Kullum safiya yanzu ta ƙofar nan nake bi, da jakata da takalmin aiki. Akwai jikoki masu zuwa gidan da za su iya shara, amma ta hana kowa taɓa zauren. Tun daga kan kwana nake jin tsintsiya, in na matso ta tsaya. Nakan tabbatar na karya kumallo kafin in fito, in kuma ɗaga ƙafa sosai, kada a ji ina ja.

Nakan ce, “Yaya, ina kwana?”

Daga ciki sai a ce, “Lafiya lau. A ce wa malam yau da la'asar muna jiran sa.”

Sai na yi nisa nake jin tsintsiyar ta ci gaba.